Kwas Ɗaya Ya Rage Wa Auta

"Auta! Ke Auta! Kaji na cinye mana shinkafa, kina zaune kina murmushi ke kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir!"

Firgigit Auta ta dawo hayyacinta. Tiren shinkafar da aka ba ta ta tsince yana kan cinyarta, kaji biyu sun zura kai ciki suna caccaka hankali kwance, don sun daɗe da sanin cewa wannan 'yar gidan ba ta iya korar kowa. Kyanwa kuma ta naɗe a kan ƙafarta tana barci.

"Sori Mama, wallahi ban gan su ba."

"Ina za ki gan su? Ai kin tafi can. Yau kuma me kike yi wa tiyata, saniya ko doki?"

"Raƙumi ne," Auta ta ce tana dariya.

Daga ƙarƙashin bishiyar lemon da ke tsakar gida, inda yake gyara eriyar rediyonsa, Abba ya ce, "Ƙyale min likita ta gama aikinta. Shinkafa ai ana sake saye, raƙumin mutane fa?"

Mama ta karɓe tiren tana mita, amma bakinta na son yin dariya.

Haka Auta take tun tana ƙarama. Da zarar ta zauna shiru sai ka ga idonta ya tafi nesa, kuma kullum wuri ɗaya take zuwa: wani fili mai ciyawa shar, da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, ita kuma cikin farar riga da dogon takalmin roba, dabbobi na tahowa wajenta ɗaya bayan ɗaya ba mai tsoronta. Sai dai a sakandare ajin kasuwanci aka jefa ta, don haka da ta tashi neman makarantar likitan dabbobi aka ce sai ta cike darussan kimiyyar da ba ta yi ba. Ba ta ja da baya ba. Da safe tana taimaka wa Dakta, wata dattijuwar likitar dabbobi mai ƙaramin asibiti a bayan tashar mota, da rana kuma ta hau bas zuwa kwaleji. Bayoloji ta gama, fizik ta gama da kuka da addu'a, lissafi ma haka, kemistiri na ɗaya ya wuce. Kwas ɗaya tak ya rage mata, kemistiri na biyu, wanda ba a koyar da shi sai a zangon ƙarshen shekara.

A asibitin Dakta ta haɗu da Dogo. Ya zo haɗa sola don firjin allurai, wani ƙaton kare da aka kawo wankin ciwo ya yi haushi sau ɗaya, sai ga Dogo a saman rufi kafin kowa ya ƙifta ido. Duk tsawon nan nasa, ya ƙi saukowa har sai da Auta ta riƙe karen ta rantse masa ba zai cije shi ba. Tun daga ranar take kiransa Injiniya, shi kuma yake ce mata Likitata. Soyayyarsu ba ta ɓoyo ba ce, iyaye duk sun sani, manya sun gaisa. Abin da ya rage kawai a sa rana, kuma a nan gizo ke saƙar.

Abba ya ce ba zai sa rana ba sai Auta ta samu gurbin karatu. Ya ga yadda aka yi da babbar 'yarsa, wadda aka ce za ta ci gaba bayan aure, ga ta yanzu da 'ya'ya huɗu, littattafanta na cikin kwali a saman wadirob. Umma kuwa, mahaifiyar Dogo, ɗanta ke nan guda ɗaya a duniya, mijinta ya rasu tun yaron na goye. Ta gaji da gida shiru.

Ranar da yamma, ba a gama dafa shinkafar da kaji suka rage ba, sai ga sallamar Umma. Aka shimfiɗa mata darduma a falo, Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa da shayi, ta koma bakin labule inda za ta ji komai.

"Ni magana na zo da ita mai sauƙi," Umma ta ce bayan an gama gaisawa. "Na ji an buɗe neman makarantar nan. To ta nema bana. In sun ɗauke ta, na yarda, a ɗaura aure ta yi karatunta daga ɗakinta. In ba su ɗauke ta ba, shi ke nan, Allah bai yi ba, ta haƙura ta shigo. Kun ga ban tauye kowa ba."

Mama ta yi ajiyar zuciya. "Wallahi wannan adalci ne."

Abba ma ya gyaɗa kai, don bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai makarantar da za ta ƙi 'yarsa ba. Ya ɗaga murya. "Auta, kin ji abin da Ummanku ta ce?"

Auta ta fito ta durƙusa. Ta ce, "Na ji, Abba. Ku ba ni zuwa gobe."

Washegari tana wanke kejin zomaye ta kwashe labarin duka ta faɗa wa Dakta. Dakta ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Yaushe ake rufe nema?"

"Kafin mu zauna jarrabawar kemistiri. Ko rabin kwas ɗin ba mu kai ba a lokacin."

"To 'yata, na zauna a irin wannan kwamiti shekaru. Takardar da ba ta cika ba, ba wanda yake karanta ta, gefe ake ture ta tun a teburin farko. Ba za su ga fizik ɗin da kika sha wuya a kai ba, ba za su ga shaidar da zan rubuta miki ba. In kika nema bana, kin riga kin san amsar. In kika jira baɗi, ki miƙa da wuri da komai a cike, ni na san ba za su iya wuce ki ba. Ban ce ki saɓa wa kowa ba. Gaskiyar kawai na faɗa miki."

Auta ta tsaya da soso a hannu, ruwa na ɗiga a takalminta. Ashe abin da kowa ke kira adalci, ƙofa ce da za ta rufe da hannunta.

Da la'asar Dogo ya zo, fuskarsa kamar an kunna fitila. Suka zauna a benci a baranda kamar kullum, shi a wannan baki ita a wancan.

"Likitata, kin ji Umma ta sauko! Ni da na ɗauka sai na shekara ina roƙo. Har na fara tunanin kalar fentin falo."

"Injiniya... ba zan nema bana ba."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an danna masa maɓalli. "Ban gane ba."

Ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana murza hularsa.

"To ki gwada mana, don Allah! Wa ya sani? Ƙila su duba su ce ai saura kaɗan. In ma ba su ɗauka ba, bayan aure ni zan lallaɓa Umma ki sake nema."

"In na karɓi sharaɗinta na faɗi, na yi alkawarin haƙura ke nan. Kana so in shiga gidanku da niyyar karya alkawari tun ran farko?"

"Shekara guda fa, Auta! Shekara! Kin san me Umma za ta ce? Za ta ce ta miƙo hannu kin ture."

"Ban ture ba—"

"Ni dai ki faɗa min, ni ne a gaba ko awaki?"

Maganar ta fita kafin ya kamo ta. Auta ta dube shi, idonta ya ciko. Ta miƙe ta shige gida. Yana kira, "Likitata! Tsaya, ba haka nake nufi ba!" amma labule ya riga ya sauka.

Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Umma ta ce an raina ta, ta tako har gida da ƙafarta, yarinya ƙarama ta watsa mata ƙasa a ido. Ta ce wa Dogo kada ya sake taka ƙofar gidan, kada ya kira, in dai ita ta haife shi. A gidan su Auta ma ba a zauna lafiya ba.

"Yaro mai hankali, mai sana'a, mai ganin girmanmu!" Mama ke faɗa tana buga murfin tukunya. "Za ki sake shi saboda wani kemistiri! Kemistirin ne zai aure ki?"

"Ki bar ta," Abba ya ce a hankali. Amma shi ma kwana biyu bai kunna rediyo ba. Daga baya ya kira Auta ƙarƙashin lemon ya ce, "Kin tabbata da lissafinki?"

"Na tabbata, Abba."

"Kin san kina iya rasa shi?"

Hawaye suka zubo mata. "Na sani."

"To ki yi karatun da kyau. Kada ki rasa biyu."

Sau ɗaya saƙon Dogo ya shigo wayarta, ranar da Umma ta yanke hukunci. Ya ce ta yafe masa maganar awaki, bakinsa ne ya fi hankalinsa gudu. Ya ce ba zai saɓa wa mahaifiyarsa ba, ba zai zo ba, ba zai kira ba, amma ya faɗa wa Umma a gabanta cewa ba zai kalli wata ba ko da zai tsufa a haka. Daga nan shiru.

Aka rufe nema. Ƙawayenta na kwaleji da suka gama kwasa-kwasansu suka miƙa nasu, suna ta hirar intabiyu da kayan da za su sa. Ita kuwa ta shiga ajin kemistiri da yaran da ta girma. A bas take zama kusa da taga, kanta jingine da gilashi, gari na wucewa kamar ruwa. Duk rufin da ta hango da faifan sola a kai sai ta bi shi da ido har ya ɓace, ko za ta ga wata doguwar inuwa a tsaye. Wani lokaci sai ta ga kamar duk rufin garin ya haɗe ya zama fili ɗaya, shi yana tafiya a kai daga gida zuwa gida, yana biye da bas ɗin, bai sauko ba amma bai bari ta yi nisa ba. Sai yaron mota ya buga ƙofa ya ce an iso.

Gwajin farko ta faɗi warwas. Ta zauna a lab, ɗakin gwaje-gwaje, bayan kowa ya fita, hasken yamma na ratsa kwalaben ruwa masu launi yana zuba ja da shuɗi a kan teburin, ta kifa kai ta yi kuka har ta gode Allah. Ta ce a ranta, ga shi na saki mutum don abin da ban ma iya ba. Amma washegari ta je wajen malamin ta ce ya nuna mata inda ta kauce. Ta yanka kwali ƙanana ta rubuta darussan, ta cika aljihun rigar aikinta da su. Tana ba ɗan maraƙi madara tana bita, tana jiran bas tana bita, har Mama ta ce ko a barci bakinta motsi yake.

A can gidan su Dogo kuwa, Umma ta samu biyayyar da ta nema, sai dai ba ta ji daɗinta ba. Yana gaishe ta safe da yamma, yana kawo cefane, yana gyara duk abin da ya lalace. Amma dariyar nan tasa mai cika gida ta ɗauke. Ta kawo masa zancen 'yar wance da 'yar wane, ya ce, "Umma, duk abin da kika hana ni na bari. Wannan kam ki yi min afuwa." Abinci sai ya ci rabi ya rufe. Wandunansa suka fara yi masa yawa.

Wata ranar damina da hantsi, Umma ta yafa mayafi ta ɗauki lema ta nufi asibitin Dakta. Niyyarta ta wanke yarinyar nan tas, ta ce ta sakar mata ɗa. Dakta ta fita duba wasu shanu, ba kowa a gaba, sai ta bi wata murya zuwa ɗakin baya.

Auta na zaune dirshan a kan buhu. Wata tunkiya da aka yi wa aiki jiya ta ɗora kai a cinyarta, ledar ƙarin ruwa na rataye a ƙusa tana ɗiga. Hannu ɗaya na shafa kunnen tunkiyar, ɗayan riƙe da kwali, tana karanta mata kemistiri da irin muryar da ake lallashin jariri. Ruwan sama na buga kwano a hankali. Auta ta rame, ƙashin wuyanta ya fito. Umma ta daɗe a tsaye, faɗan da ta ƙullo tun daga gida ya warware ta rasa bakin zaren.

Auta ta ɗago. "Umma!" Ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna, kada ki tsinke mata robar." Umma ta jawo wani bokiti ta kife ta zauna. "Ke ma ba kya cin abincin ne?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Na zo in tambaye ki, ki dubi Allah ki faɗa min gaskiya. Me ya sa kika ƙi maganata?"

"Umma, da na nema bana ba za su ko buɗe takarduna ba, don saura min kwas ɗaya. Da na ce miki to, da ɗaya cikin biyu ne: ko in haƙura in zauna a gidanki da abu a raina har abada, ko in dawo daga baya in karya alkawarin da na yi miki. Ban so in fara zama da ke da ƙarya ba. Na gwammace ki yi fushi da ni a kan gaskiya."

Umma ta kalli ruwan da ke ɗiga cikin roba. Can ta ce, muryarta ta sauya, "Ɗana bai yi karatu mai zurfi ba. Rufin mutane yake hawa. Ke za ki tafi shekaru, ki dawo ana ce miki Dakta, kina zama da manya. Ranar da za ki dube shi ki ga bai kai ba, ni ina zan sa kaina? Shi kaɗai gare ni."

"Umma, dube ni fa," Auta ta ce, tana dariya hawaye na zuba. "Kashin tumaki ne a zanena. In na zama Daktar ma aikin ke nan, sai dai tumakin su ƙaru. Mutumin da ya iya bin maganar mahaifiyarsa duk watannin nan ransa na ƙuna, bai kira ni ko sau ɗaya ba, ni wace ce da zan raina shi? Abin da ya ƙara min ganin girmansa ke nan."

Umma ta ja gefen mayafi ta share ido. Tunkiyar ta yi atishawa, su biyun suka zabura, sai kuma dariya ta kama su.

"Yaushe jarrabawar?"

"Ƙarshen wata mai zuwa."

"To ki ci ta. Kuma ki ci abinci. Zan turo wancan mai kama da sandar rake ya gaishe da iyayenki, amma gaisuwa kawai, kada ya zauna yana cinye miki lokacin karatu."

Da yammar nan Dogo ya zo. Ya tsaya a bakin baranda ya kasa magana, ita ma haka. Mama ce ta leƙo ta taga ta ce, "To ku gaisa mana! Ko sai na fito na fassara muku?"

Daga ranar shi ya zama mai riƙe mata kwalaye. Yana tambaya yana karya sunayen sinadarai, tana gyara masa tana dariya, minti kaɗan Abba ya yi gyaran murya daga ciki, Dogo ya miƙe tsam ya yi sallama. Da sakamako ya fito, Auta ce ta biyu a ajin. Da aka sake buɗe nema, a makon farko ta miƙa nata, komai a cike, ga shaidar Dakta mai shafi biyu. Ranar intabiyu Umma ce da kanta ta goge mata mayafi.

Saƙon makarantar ya iso wata safiya tana tsaka da yi wa 'yan tsaki rigakafi. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta zauna a ƙasa kawai, tsaki na hawa ƙafarta. Dakta ta karɓi wayar ta duba, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi! Tashi, abokiyar aiki, ƙasa ba wurin zamanki ba ne!"

Abba ya sa rana a satin. An ɗaura aure kafin a buɗe makaranta, Dogo ya kama musu gida a can garin da makarantar take, kusa da ita, mai ɗaki uku, ɗaya na Umma. A garin ma akwai rufi, akwai rana, aiki bai yanke masa ba. Ranar farko ya kai ta har bakin get a kan babur. Ta sauka ta gyara jaka, ta tsaya tana kallon dogayen gine-gine da garken shanun makaranta da ke kiwo can gefe.

"Ki shiga mana, Likitata, za ki makara."

"Tsoro nake ji, Injiniya."

"Ni ma na ji tsoro, ga shi ban mutu ba. Je ki. Umma ta ce kada ki dawo sai da labari."

Ta shiga tana waiwaye, yana ɗaga mata hannu har ta ɓace cikin ɗalibai.

Ku 'yan'uwana matasa, Auta ba ta ɗaga wa babba murya ba, Dogo bai saɓa wa mahaifiyarsa ba, kuma ba wanda ya sayi yardar iyaye da ƙarya a cikinsu. Sun sha ɗacin jira, har kowa ya ɗauka sun rabu, amma da lokacin ya yi sai Allah ya haɗa musu karatu da aure da albarkar iyaye gaba ɗaya. In abu bai cika ba, kada gaggawa ta sa ku miƙa shi. Ku cika shi, ku faɗi gaskiya da ladabi, wanda yake son ku tsakani da Allah za ku same shi a inda kuka bar shi.